Wanda Bai Taɓa Riƙe Bindiga Ba, Da Wacce Zai Fara a Filin Harbi?

Tambaya: Wani abokina ya gayyace ni filin harbi mai lasisi inda yake zuwa a ƙarshen mako don nishaɗi, kuma ni ban taɓa riƙe bindiga ba. Shin da ƙaramar bindiga ta hannu ya kamata in fara, tun da ina ganin za ta fi sauƙin sarrafawa, ko da doguwa? Me kuma ya kamata in sani kafin in je, don kada in jawo haɗari ko in ji kunya?

Malam, ka fara da doguwar bindiga mai ƙaramin harsashi, irin wanda ake kira .22, ko ma da bindigar iska idan filin yana da ita, ka bar ta hannu sai zuwa na biyu ko na uku. Na san wannan ya saɓa wa abin da ido yake nunawa, domin duk wanda ya ga bindigogin biyu a kan tebur zai ɗauka ƙaramar ce ta sabon shiga. A shekarun da na yi ina koyar da harbin allo, kusan kowane sabon ɗalibi da wannan zaton yake zuwa, kuma kafin ya gama harsashi goma na farko yake sauya ra'ayi.

Dalili na farko lissafi ne. A kan kowace bindiga mai saitin ƙarfe akwai ɗan tsini kusa da baki da kuma tsaga a baya, mai harbi yana daidaita tsinin a tsakiyar tsagar sannan ya ɗora su a kan allo. A bindigar hannu tazarar da ke tsakanin tsinin da tsagar ba ta wuce santimita 15 ko kusa da haka ba, saboda haka idan tsinin ya kauce da milimita ɗaya tak, abin da ido da ƙyar yake lura da shi, harsashi zai kauce da kusan santimita 17 a allon da ke nisan mita 25. A doguwar bindiga mai tazarar santimita 60, wannan kuskuren kaucewar kusan santimita 4 kawai zai haifar a nisa ɗaya. Ga shi kuma doguwa tana jingine a wurare huɗu, wato kafaɗa da kunci da hannaye biyu, ana kuma iya ɗora ta a kan buhun yashi mutum yana zaune, alhali ta hannu tana can a ƙarshen miƙaƙƙun hannaye, duk rawar jiki da bugun zuciya suna ƙarewa a kanta.

Dalili na biyu ya fi na farko nauyi a wurina. Doguwar bindiga ba ta juyawa sai mai ita ya juya jikinsa, kuma duk wanda ke kusa zai ga inda bakinta ya dosa. Ta hannu kuwa ɗan murɗa wuyan hannu ya isa ya kai bakinta kan ƙafar mai riƙe da ita ko kan haƙarƙarin maƙwabcinsa, ba tare da shi kansa ya ankara ba. Na taɓa ganin wani sabon ɗalibi da kwanson harsashi mai zafi ya faɗa masa cikin wuyan riga, ya zabura ya juyo yana ƙoƙarin karkaɗewa da bindiga a hannu da yatsa a kan kunama. Allah ya kiyaye ba ta tashi ba, amma tun daga ranar nake gaya wa kowa kafin harbin farko cewa ko me ya same shi, ko ƙuna ce ko ƙwaro ne ya shiga ido, ya fara ajiye bindiga a kan tebur bakinta na kallon allo, sannan ya ji da abin da ke damunsa. Wannan ne ma ya sa ake son riga mai rufaffen wuya, da hula mai baki a gaba, da takalmi mai rufe ƙafa.

Ƙa'idojin kiyaye haɗari da za ka tarar a rubuce a bangon kusan kowane fili guda huɗu ne, kuma an fi danganta tsara su ga Jeff Cooper, tsohon hafsan sojan Amurka wanda ya kafa makarantar koyar da harbi a jihar Arizona a 1976. Ana ɗaukar kowace bindiga a matsayin ɗananniya ko da an ce babu komai a cikinta. Ba a nuna bakinta ga abin da ba a yarda a lalata ba. Yatsa ba ya shiga wurin kunama sai saiti ya hau allo kuma an yi niyyar harbi. Sannan mai harbi ya tabbatar da abin da yake hara da abin da ke bayansa. Hikimar da ke cikinsu ita ce kowace tana rufa wa 'yar'uwarta asiri. Idan mutum ya manta akwai harsashi a ciki amma bakin bindiga na kallon tudun ƙasar da ke tare harsasai, abin da zai faru bai wuce firgita da jin kunya ba. Sai an karya biyu ko uku a lokaci guda ake samun jini. A cikin huɗun, ta yatsa ce ta fi wahalar da sababbi, domin hannun ɗan Adam idan ya damƙi abu dukkan yatsu ne suke naɗewa tare, kuma idan mutum ya yi tuntuɓe ko ya razana sai su ƙara matsewa ba da saninsa ba. Maganinsa shi ne ka saba miƙe manuniyarka a jikin bindiga sama da kunama tun daga lokacin da ka fara taɓa ta. Kada kuma ka dogara da makullin kariya da ke jikin bindigar, shi ma ƙarfe ne, yana iya lalacewa, kana kuma iya zaton a rufe yake alhali a buɗe yake.

Akwai kuskure ɗaya da ya kamata ka sani da sunansa saboda ya sha jawo tashin bindiga a hannun mutanen da suka rantse babu komai a ciki. A bindigar da ke ɗana kanta bayan kowane harbi, cire gidan harsasai ba ya fitar da wanda ya riga ya shiga makwancinsa a gindin bututu. Tsarin sauke ta shi ne a fara cire gidan harsasai, sannan a ja ƙarfen sama baya don wanda ke ciki ya fito, sannan a bar ta a buɗe a leƙa da ido. Wanda ya juya wannan tsari, ya fara ja sannan ya cire gidan, ya fitar da harsashi ɗaya ya kuma ɗana wani sabo da hannunsa. Duk lokacin da aka miƙo maka bindiga, ko da a gabanka aka duba ta, kai ma ka duba, babu wanda zai ɗauki wannan a matsayin raini.

A filin, maganar jami'in da ke kula da layin harbi ita ce ta ƙarshe. Zai ba da izinin ɗanawa, ya ba da izinin harbi, idan kuma ya yi kiran a dakata kowa zai cire yatsa nan take ko da saura ƙiftawar ido ya saki harbinsa. Kiran dakatawa haƙƙin kowa ne, har kai da ka zo yau, idan ka ga mutum ko dabba sun shiga gaban layi. A filayen buɗaɗɗen wuri inda ake takawa a canza allo da ƙafa, ana sauke bindigogi duka, a bar su a buɗe a kan tebur, galibi da wata 'yar tutar roba mai haske a cikin makwancin harsashi don kowa ya gani daga nesa, sannan kowa ya ja baya. Muddin akwai mutum a gaba ba a taɓa bindiga, ko don gyara mata zama ne.

Yanzu ga dalilin da ya sa na ce ƙaramin harsashi. Harsashin .22 tsoho ne, tun 1887 yake, kuma har gobe shi ne na koyo da na gasar mita 50, saboda tunkuɗar da yake yi wa kafaɗa kaɗan ce, ƙararsa ma da sauƙi idan aka kwatanta da manya. Babban abokin gāban mai koyon harbi shi ne zabura. Ƙwaƙwalwa tana saurin gane cewa matsa kunama yana zuwa da ƙara da tunkuɗa, sai ta fara shirya jiki tun kafin harsashi ya fita: ido ya runtse, kafaɗa ta turo gaba, hannu ya danna bindiga ƙasa. Mai harbin ba ya jin ya yi haka, domin tunkuɗar bindigar tana ɓoye motsin, sai dai ya ga hujin yana ta sauka ƙasa da hagu idan da dama yake harbi, ya fara zargin saiti. Muna gane zaburar ne ta hanyar cakuɗa harsashin bogi cikin na gaske ba tare da ɗalibi ya san inda yake ba. Idan ya zo kan na bogin ya matsa kunama babu ƙara, sai ya ga da idonsa yadda bakin bindiga ya dunguri ƙasa. Wanda aka fara da shi da babban harsashi don a ga yadda zai yi, wanda wasa ne da wasu abokai ke yi kuma ba na ganin dariya a cikinsa, yana iya ɗaukar wannan zaburar a rana ɗaya ya yi watanni yana fama da ita. Idan abokinka ya miƙo maka babbar bindigarsa a ranar farko, ka yi masa godiya ka ce sai wani zuwan. Kada dai ƙanƙantar .22 ta ruɗe ka, yana kisa, kuma idan aka harba shi sama yana iya tafiyar fiye da kilomita ɗaya da rabi, shi ya sa ba a ɗaga bakin bindiga sama da tudun da ke bayan allo.

Kunne kuwa ba a sake samun wani. Ƙarar da ta kai desibel 85 tana cutarwa idan aka daɗe a cikinta, harbin bindiga kuma yana farawa ne daga wajen 140, manya suna wuce 160, kuma a wannan ma'auni kowane ƙarin 10 yana nufin ƙarfin sauti ya ninka sau goma. Ƙwayoyin ji da ke can cikin kunne idan suka mutu ba sa tsirowa, harbi ɗaya ba kariya yana iya barin mutum da ƙugin kunne na dindindin. A filin da ke cikin gini, inda bango ke dawo da ƙara, ka haɗa biyu: matoshin soso a cikin kunne da marufi a kansa, ka kuma sa su tun kafin ka buɗe ƙofar shiga. Tabarau na kariya shi ma dole ne, saboda kwanso da ɓurɓushin da kan dawo daga allon ƙarfe.

Abin da mutane suka fi mantawa da shi shi ne dalma. Tana cikin ƙwayar harsashi, tana kuma cikin sinadarin da ke gindinsa wanda ke kunna albarushi, saboda haka kowane harbi yana watsa ƙurarta a iska da hannu da tufafi. Fili mai kyau na cikin gini yana da na'urar da ke tura iska daga bayan mai harbi zuwa wajen allo; idan ka ga hayaƙi yana tsayawa a gabanka ko kana jin ɗanɗanon ƙarfe a maƙogwaro, wannan fili ba na komawa ba ne. Ba a ci, ba a sha, ba a shan taba a layin harbi, kuma idan an gama a wanke hannu da fuska da sabulu kafin a taɓa abinci, a kuma ware tufafin a wanke su daban, musamman idan akwai ƙananan yara ko mai juna biyu a gida, domin su dalma ta fi yi wa illa.

Kafin ka ɗauki bindiga ka gano idonka mai rinjaye. Ka miƙa hannaye ka haɗa su ka bar 'yar kafa a tsakani, ka kalli wani abu mai nisa ta cikinta da ido biyu a buɗe, sannan ka rufe ido ɗaya bayan ɗaya. Wanda abin ya ci gaba da zama a cikin kafar da shi, shi ne mai rinjaye. Akwai masu amfani da hannun dama amma idonsu na hagu ne ke jagoranci, kuma a doguwar bindiga sau da yawa ya fi musu sauƙi su koya daga kafaɗar da ke ɓangaren idon.

Shi harbin kansa, abin da ya fi ba sababbi mamaki shi ne ba allo ake zuba wa ido ba. Ido ba ya iya fayyace tsagar baya da tsinin gaba da allo a lokaci guda, dole ya zaɓi ɗaya, kuma tsinin gaba ake zaɓa, a bar allo ya yi dishi-dishi, saboda lissafin da na kawo a sama: ɗan kaucewar tsini ninkuwa yake yi da nisa, alhali ɗan yawon da bindiga gaba ɗaya ke yi a kan allo ba ya ninkuwa. Wannan yawon ba ya ɗaukewa ga kowa, har zakarun duniya, sai dai nasu ƙarami ne. Kuskuren da kowa ke yi shi ne jiran lokacin da tsini zai ratsa tsakiya sai ya fizgi kunama don ya cafke shi, fizgar kuma ita ce ke jefar da harsashin gefe. Abin da ake so shi ne ka yarda da yawon, ka riƙa ƙara nauyi a kan kunama sannu a hankali, kai tsaye zuwa baya, da tsokar gaɓar farko ta manuniya, har bindiga ta tashi ba tare da ka zaɓi daƙiƙar ba. Numfashi kuma ana tsayar da shi ne a ɗan hutun da ke zuwa bayan an fitar da iska. Idan ka kai daƙiƙa takwas ko goma ba ka saki ba, ido ya fara gajiya, ka cire yatsa ka numfasa ka sake sabon lale. Bayan ta tashi kada ka ɗago kai da sauri don ganin inda ya samu, ka zauna a kan saitinka na daƙiƙa ɗaya ko biyu, ka tambayi kanka inda tsinin yake lokacin da ta tashi. Ranar da ka fara faɗin inda harsashi ya sauka daidai kafin ka duba allo, to ka fara iya harbi.

Kada ka auna kanka da samun tsakiyar allo a ranar farko. Ka harba biyar kana saita wuri ɗaya ba tare da gyara komai ba, sannan ka duba yadda hujin ya taru. Huji biyar da suka cure wuri guda a can gefen allo sun fi mini biyar da suka warwatsu ɗaya ya faɗa tsakiya, domin na farko yana nuna mutum yana maimaita abu ɗaya, abin da ya rage aikin murɗa saiti ne, na biyun kuwa dace ne kawai. Idan hujin ya taru, ana matsar da tsagar baya zuwa ɓangaren da ake so tarin ya koma. A madubin hange da ake ɗorawa a kan bindiga kuwa kowane ɗas na maɓallin murɗawa yana da ƙayyadadden awo da aka rubuta a jikinsa; a wasu santimita ɗaya ne a nisan mita 100, a wasu kimanin milimita 7, kuma a rabin nisan rabin hakan yake matsarwa. Ka fara daga kusa, mita 25 ga doguwa, mita 5 zuwa 7 ga ta hannu idan lokacinta ya yi, ka riƙa ƙara nisa idan tarin ya matse.

Abubuwa biyu na iya faruwa da ya kamata su same ka a shirye. Idan ka matsa kunama ka ji ƙyas babu ƙara, kada ka buɗe bindiga kuma kada ka juyo da ita, ka bar bakinta a kan allo na kimanin daƙiƙa 30, saboda wani lokaci albarushi yana jinkirin kamawa, sannan ka ɗaga hannu ɗaya jami'i ya zo. Idan kuma ta tashi amma ƙarar ta yi rauni ƙwarai ko ba ka ji tunkuɗar da ka saba ba, ka tsaya cak, mai yiwuwa ƙwayar ta maƙale a cikin bututu, kuma harba wani a bayanta yana iya fasa bindigar a hannunka.

Na ambaci bindigar iska a farko, kuma na san wasu suna yi mata kallon abin wasan yara. Harbi yana cikin wasannin Olamfik tun na farko da aka yi a Atina a 1896, kuma a yau ɗaya daga cikin gasarsa mafi tsanani ita ce ta doguwar bindigar iska a nisan mita 10, inda maki goma ɗigo ne mai faɗin rabin milimita, ƙwayar dalmar kuma milimita 4.5 ce, ana harba 60 a tsaye, na'ura tana auna makin kowane harbi har da ɗigo, mafi girma shi ne 10.9. A wannan matakin babu ƙara, babu tunkuɗa, babu abin da mutum zai ɗora wa laifi. Ka kuma tuna da Karoly Takacs, sojan ƙasar Hangari wanda gurneti ya lalata masa hannun dama a 1938, ya koma ya koya wa na hagu daga tushe, ya ci zinare a harbin gaggawa na bindigar hannu a Landan a 1948, ya sake ci a Helsinki a 1952. Abin da ya kai daga wancan hannu zuwa wannan shi ne sanin saiti da natsuwar yatsa, kuma su ne bindigar iska da .22 ke koyarwa ba tare da ƙara ta raba wa mutum hankali ba.

Game da doka, ta bambanta ƙwarai daga ƙasa zuwa ƙasa, har daga jiha zuwa jiha a wasu wurare. Birtaniya, misali, ta haramta wa farar hula mallakar mafi yawan bindigogin hannu a 1997 bayan kisan da aka yi a makarantar Dunblane, alhali a wasu ƙasashe baƙo yana iya hayar bindiga a fili da katin shaida kawai. Ka kira filin da kanka kafin ranar, ka tambaya ko suna karɓar baƙi, da takardar da za ka zo da ita, da ko suna da malami mai ba sababbi darasin farko. Idan akwai shi ka ɗauke shi ko da abokinka gwani ne, domin iya harbi daban, iya tsayawa a bayan sabon shiga ana lura da yatsarsa da bakin bindigarsa daban. Ka je a huce, ba da gajiya ko ɓacin rai ko wani abu mai gusar da hankali a jiki ba, kada kuma ka fita da harsashi ko ɗaya a aljihu, domin a wurare da yawa wannan kaɗai laifi ne ga wanda ba shi da lasisi.

Harsashi 40 zuwa 50 sun ishe ka a zuwan farko, biyar-biyar, kana ajiye bindiga kana hutawa a tsakani. Bayan haka ido da kafaɗa sun gaji, abin da za ka ƙara koya kuskure ne. Ka ciro takardar allonka ta ƙarshe, ka rubuta mata kwanan wata da nisa da irin bindigar, ka zo da ita a zuwa na biyu ka liƙa ta kusa da sabuwa.